Kowa Ya Ɗaure Kura, Shi Zai Kwance Ta

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen kamfanonin da ke raba mu masu rubuta manhaja da masu ɗora ta a kwamfuta, kowa da ofishinsa da shugabansa. In abu ya ɓaci sai nunin yatsa.

A 2012 kamfanin hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin minti 45, don an ɗora sabuwar manhaja a kwamfutoci 7, an manta ta 8, ba wanda ya bi sawu. Haba jama'a!

Shawarata ita ce a haɗa su rukuni ɗaya. Wanda ya rubuta, shi za a tasa tsakar dare in ta tsaya. Wallahi zai yi hattara.

Wassalam.