Daji ba ya son ƙarfe? Mu duba yadda yake tafiya a cikin jiki

Da wuya a samu Bahaushen da bai taɓa jin wannan maganar ba: daji ba ya son ƙarfe. Wai da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa ƙarin, shi ke nan an tsokano shi, zai watsu ya gama jiki. Ana faɗinta a Kano da Maraɗi, ana faɗinta a zangon Kumasi, kuma ta biyo mu har nan Ingila tana yawo a WhatsApp ɗin dangi. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, ta gaya wa yayarta, kafin zancen ya kai kunnen likita an riga an yanke hukunci a gida cewa kada a kuskura a bari a taɓa. Daga nan sai shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wata shida, shekara guda, har wurin ya fashe.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ra'ayina shi ne wannan magana tana cin rayukan matanmu. Amma na lura faɗa da tsawa ba sa sauya tunanin kowa, don masu faɗinta ba wawaye ba ne, akwai abin da suka gani da idonsu. Shi ya sa nake so mu bi ta wata hanya, mu ga abin da masu bincike suka gano game da yadda ƙwayar halitta take motsi. Wanda ya fahimci yadda daji yake tafiya zai iya auna maganar da kansa.

Jikinmu tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. A makaranta ana zana mana ƙwayar kamar 'yar jakar ruwa da ɗigo a tsakiya. Zanen ya rage abu mai yawa. Cikin kowace ƙwaya cike yake da zaruruwa da siraran bututu da suka riƙe ta, suka ba ta siffa, kamar yadda dirkoki da azara suke riƙe rumfa. Masana suna kiransu ƙwarangwal ɗin ƙwaya. Iri uku ne. Akwai zaren aktin, wanda Bruno Straub ya gano a naman tsoka a ƙasar Hangari a 1942. Akwai bututun da ake kira maikurotubul, faɗinsa nanomita 25, wato sai an jera kimanin 3,000 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Na ukun zaruruwa ne masu tauri, dangin sinadarin da ke cikin gashi da farce, su ne ke hana ƙwaya yagewa.

Sunan ƙwarangwal yana ɗan ruɗarwa, don ƙashi a tsaye yake wuri guda. Wannan kuwa ya fi kama da bukkar makiyayi: a kafa da safe, a kwance da yamma, a kafa a gaba. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka nuna cewa bututun nan yana cikin tsawo sai kwatsam ya fara warwarewa, can kuma ya sake tsirowa, haka dai ba hutawa. A kansa ne kuma ake jigilar kaya a cikin ƙwaya. Shekara guda bayan haka Ron Vale da abokan aikinsa, suna aiki da jijiyar wata halittar teku a Amurka, suka gano wani ɗan dako mai suna kainesin. Ƙafa biyu gare shi, yana takawa a kan bututun da kaya a kansa, kowane taku nanomita 8. Ranar da na fara ganin bidiyon da aka kwaikwayi tafiyarsa, 'yan dakon kasuwar Singa na tuna.

To yaya ƙwaya take tafiya alhali ba ta da ƙafa? Rarrafe take yi. A gabanta zaren aktin yana ta ƙaruwa yana tura fatarta gaba, har ta miƙa wani siririn leɓe. Leɓen ya manne da abin da ya taka. Sai wani sinadari mai suna mayosin, wanda shi ne dai ke sa tsokar hannunka ta ɗaure, ya ja sauran jikin zuwa gaba, bayan kuma ya saki. Miƙa, kama, ja, saki. Da wannan rarrafen ne farar ƙwayar jini take bin ƙwayar cuta har ta cafke ta; akwai wani tsohon fim da David Rogers ya ɗauka a Jami'ar Vanderbilt a shekarun 1950 da ke nuna wannan farauta, har yau ana nuna wa ɗalibai. Da shi ne bakin rauni yake haɗewa. Duk gyambon da muke wankewa muna ɗaurewa a asibiti, ba mu muke rufe shi ba, share wa ƙwayoyin fata hanya kawai muke yi su rarrafo daga gefe zuwa gefe. Da shi ne kuma jariri yake samun siffa a ciki, kowace ƙwaya ta tafi inda Allah ya tsara mata.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me yake tsayar da su. A Landan, a farkon shekarun 1950, Michael Abercrombie da Joan Heaysman suka zuba ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako a faranti suna kallo. Sai suka ga idan lafiyayyar ƙwaya tana rarrafe ta ci karo da 'yar'uwarta, takan tsaya, ta janye leɓenta, ta sauya hanya. Da suka gwada da ƙwayoyin wani nau'in daji, sai suka ga su ba su san wannan ladabin ba. Hawa kan na gabansu suke yi su wuce.

Yanzu mu kawo zancen kan mama. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyoyin ruwan nono a zaune suke, riƙe da hannun juna, a kan wata siririyar tabarma. Sankara takan fara ne idan wasu daga cikinsu suka shiga hayayyafa ba kan gado. Muddin suna kan tabarmar nan ba su keta ta ba, cutar a wuri ɗaya take. Da tafiya ta yi tafiya, wasu sukan saki hannun maƙwabtansu, su sake kafa ƙwarangwal ɗinsu irin na matafiya, su fitar da wasu 'yan ƙahonni masu narkar da tabarmar, su ɓula su fita. Daga nan sai hanyoyin da ke kaiwa kaluluwar hamata, ko kuma jijiyar jini, wadda za ta kai su ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Tun a 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura ba ko'ina take sauka ba, tana da wuraren da ta fi so, kamar iri da ƙasar da ta karɓe shi.

A lura da kyau: a duk wannan tafiya babu inda aka buƙaci ƙarfe. Da ƙafarta take fita. Kuma akasarin ƙwayoyin da suka faɗa cikin jini mutuwa suke yi a hanya, ƙalilan ne ke tsira su kafa sabon gida. Don haka lissafi ne na yawa da lokaci. Ƙarin da bai wuce girman gyaɗa ba yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi. Kowane wata da aka ƙara ana jira, ƙarin yana girma, masu fita suna ƙaruwa, damar a samu wadda za ta tsira tana ƙaruwa. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan an kama sankarar mama tana nan a mama kawai, kusan 99 cikin 100 suna kaiwa shekara biyar. Idan ta riga ta kai gaɓoɓi masu nisa, adadin yakan sauko zuwa wajen 30 cikin 100. A asibitocinmu na gida kuwa, akasarin mata sai cutar ta yi nisa suke zuwa.

Nan ne asalin maganar yake, a ganina. Baiwar Allah ta yi shekara biyu tana ɓoye ciwo. Ranar da wari da zafi suka fi ƙarfin gida aka kai ta asibiti, ƙwayoyin sun daɗe da tarewa a ƙashin bayanta, sai dai ba su kai girman da za a gani ba. Aka yi tiyata. Bayan wata huɗu ta rasu. Me dangi suka gani? Sun ga tana tafiya da ƙafarta, aka sa mata wuƙa, ta mutu. Shekara biyun da aka yi ana jiƙa sassaƙe ba wanda ya lissafa. Ita kuma wadda aka cire wa nata tun yana ƙarami ta warke, ba ta ba kowa labari, don kunya da gudun bakin mutane, wani lokacin ma don gudun kishiya ta ji. Labarin mamaciya ne kaɗai yake zagawa.

Adalci ne in faɗi inda maganar take da ƙamshin gaskiya. Akwai 'yan nau'o'in daji da likitoci da kansu ba sa son tsira musu allura, misali na 'ya'yan maraina, inda ake cire shi ɗungurungum maimakon a ɗebi samfur. Kuma a wasu lokuta ƙalilan allura takan bar ƙwayoyi a hanyar da ta bi, abin da likitocin tiyata suka sani suke kuma kiyayewa. Babbar matsalar ita ce aikin rabi da rabi: wani a ɗan ƙaramin asibitin unguwa, ko ma a bayan kemis, ya tsaga ƙari ya cire abin da ya iya, ya jefar da naman ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba, ya ce wa mara lafiya ta warke. Wannan ƙarfen kam abin gudu ne. Amma maganinsa shi ne a nemi hannun da ya iya, a asibitin da ke da masu duba tsoka a madubi, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Komfo Anokye ga mutanen Kumasi.

Wani zai ce, tunda an san yadda take rarrafe, me ya hana a yi maganin da zai ɗaure mata ƙafa? An gwada. A shekarun 1990 an sa rai sosai a kan magungunan da za su hana ƙwaya narkar da tabarmar nan, amma da aka gwada su a kan mutane ba su biya buƙata ba. Wahalar ita ce injin da ƙwayar daji take tafiya da shi, shi ne dai na farar ƙwayar jini da na mai haɗe rauni. Ka tsayar da shi gaba ɗaya, ka tsayar da sojojin jiki. Har yanzu ana kan binciken, kuma ina cikin masu ganin kuɗin da ake kashewa a kansa bai tafi a banza ba.

Hujjata ita ce magungunan da muke ratayawa a ɗakin kemo kullum. Lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, bututun nan ne suke jan kayan gadonta zuwa ɓangare biyu, don haka wanda ya hana su aiki ya hana ta haihuwa. Maganin Taxol daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka samo shi, amma ya daɗe ba a san yadda yake aiki ba, sai a 1979 da Susan Horwitz a New York ta nuna cewa ƙanƙarar da bututun yake yi ya hana su warwarewa. A 1992 aka amince da shi, yau kuma yana cikin manyan magungunan sankarar mama. Binkiristin, wanda ake ba yara masu dajin jini da masu kumburin muƙamuƙin nan da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, daga wani fure na Madagaska ya fito, shi kuma hana bututun haɗuwa yake yi. Kai, ko albendazol ɗin da ake raba wa yara a makaranta don tsutsar ciki, bututun tsutsar yake lalatawa. Ga masu cewa su sun fi yarda da itatuwa, to ga itatuwa nan, bambancin kawai an auna su an san adadin da ke magani da wanda ke kisa.

Sanin wannan yana kuma bayyana abin da ke firgita mutane su gudu daga kemo bayan zagaye na biyu. Gashi yana zuba ne saboda ƙwayoyin tushensa ma masu saurin rabuwa ne, kuma yawanci yakan dawo. Yatsun hannu da na ƙafa sukan yi kamar ana tsira musu allura, ko su daina jin taɓi, saboda jijiyar da ta taso daga baya zuwa babban yatsa ta kai kusan mita guda, kuma a kan bututun nan 'yan dako suke kai mata abinci. Idan hanya ta lalace, na ƙarshen layi ne ke fara ji a jikinsa. Wannan ba alamar ciwon ya watsu ba ce, amma abu ne da ya kamata a gaya wa nas ko likita da wuri, don ana iya rage yawan maganin kafin lahanin ya zauna.

Saura mu da ke waje. Mu ake kira idan ciwo ya tashi, mu ne masu turo kuɗi, don haka bakinmu yana da nauyi a shawarar gida ko mun so ko ba mu so ba. A nan Ingila duk macen da ta kai shekara 50 ana aiko mata takardar gayyata ta je a ɗauki hoton mamanta duk bayan shekara uku, kyauta, amma na san 'yan'uwanmu da ke jefa takardar a kwandon shara. Gida kuwa babu mai aiko wa kowa takarda, kuma kuɗin gwaji da na mota zuwa babban asibiti ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na cefane. Idan Inna ko Yaya ta kira ta ce ta ji ƙullutu, kuɗin farko da za ka tura ya zama na hoto da ɗibar samfur, a makon nan, ana yi ana addu'a. Yawancin ƙullutun mama ma ba daji ba ne, gwajin ne kaɗai zai raba gardama. In kuma an riga an yi aiki a wani wuri, ka tambaya ina aka kai naman da aka cire, ka ce a ɗauki hoton takardar sakamakon a turo maka.