Laifi Tudu Ne: Ga Masu Dariyar Rabuwar Kiristoci



Wasu matasanmu sun sami abin yi. Suna yaɗa tsohon bidiyon nan na 2008, inda limaman Kirista na Girkawa da na Armeniyawa suka bai wa hammata iska a babbar majami'arsu ta birnin Ƙudus, suna sheƙa dariya wai ga masu da'awar ƙauna. Wannan dariya jahilci ce, ya kamata mu bar ta.

Babu mai musun rabuwar. Majami'un Rum da na Kustantiniya sun raba gari a 1054. Martin Luther ya ɓalle da nasa a Jamus bayan 1517. Ita majami'ar Ƙudus ɗin ɗariku shida ke rabonta, mabuɗin ƙofarta kuwa ya yi ƙarnoni a hannun wasu gidajen Musulmi.

Abin da masu dariyar suka ƙi faɗa shi ne yadda mutanen ke kai kukan rabuwar gaban Allah. Tun 1908 aka soma ware mako guda, daga 18 zuwa 25 ga Janairu, don roƙon haɗin kai. Tun 1968 'yan Katolika da Majalisar Majami'u ta Duniya suke tsara addu'o'in tare. Na 2024 maƙwabtanmu Kiristocin Burkina Faso ne suka rubuta su, alhali ƙasarsu na fama da 'yan bindiga. A 1965 Fafaroma Paul na 6 da shugaban Otodoks Athenagoras suka janye tsinuwar da magabatansu suka yi wa juna, bayan shekara 911.

Har yau addu'ar ba ta haɗa su a Jibin Ubangiji guda ba. Amma wanda ya ɗaga hannu yana roƙon waraka ya yarda da ciwonsa.

Mu fa? Nawa ne cikinmu ba sa bin ɗan'uwansu salla saboda ƙabalu da sadalu? Yaushe ɗan Tijjaniyya da ɗan Ahlus Sunna na unguwa ɗaya suka ware ko yini guda don roƙon Allah ya daidaita tsakaninsu?

Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya taka har majami'ar Katolika a Accra ranar Ista ta 2019 don girmama maƙwabtaka. Mu 'yan tsiraru ne a nan. Wanda kuke yi wa dariya shi ne malamin 'ya'yanku a makaranta, shi ne abokin cinikinku a kasuwa, kuma yana ganin abin da kuke yaɗawa.

Ku goge bidiyon. Allah ya haɗa kanmu.