A bar yara su ƙirga da ƙafa

Ni fa ban yarda ba wai wasa cikin aji ɓata lokaci ne. Yarinya mai tallan ƙosai a kasuwar Dungas, ta ga 50 jikin kuɗi ta ce dala goma, ta ga 100 ta ce dala ashirin. Lissafin biyar-biyar ke nan, ba bulala. Amma ta shiga lakwal, mushe ya ce ta naɗe hannu ta yi ta maimaita "cinq, dix, quinze" kamar aku. Haba! Harshen da ke da bibbiyu, uku-uku, goma-goma? Tun 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa. A zana 'yar gala-gala, a rubuta 5, 10, 15 cikin gidajen, kowa ya yi tsalle yana faɗa. Ajin rumfa ko alli ba ya so, tsinke da rairayi sun isa.