Kalangu bai tsufa ba, mu ne muka daina kiransa

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙonni ranar Laraba, ko ta Badagishiri ranar Alhamis, ya san kiɗa bai ƙare ba a ƙasar nan. Ta kowace kusurwa lasifika na tashi. Ga rumfar masu tura waƙa a salula, ga mai sayar da magani da ƴar rediyonsa, ga ɗan kabu-kabu da ya ƙure sauti. Amma ku saurara da kyau, ku faɗa mana sau nawa kuka ji kalangu na gaske a hannun mutum mai rai a bakin rumfar mahauta. Da can ba a fawa ba kalangu. Yau makaɗin da ya gaji sana'ar daga kakanni, sai ka tarar da shi yana dako a tasha, ko yana ɗaukar buhun albasa a Galmi, ko ya tafi cirani Sakkwato.

A gidajen biki ma haka ne. Uwar amarya ta yi shekara tana zubin adashi, ranar buki ta zo, sai a kira yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika guda biyu. Ya saka waƙoƙin fim har dare, a biya shi, a watse. Ba mu ga laifin yaron ba, shi ma neman abincinsa yake. Abin da ya dame mu shi ne kiɗan da yake sakawa, in kun lura, kalangu ne da ganga da sarewa aka kwaikwaya da na'ura. Wato dai sautin makaɗi na nan yana tara kuɗi, shi kuwa makaɗin yana gida ba ko dala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda abin ya faro ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kasat ɗin bidiyo. A 1999 aka yi Sangaya, fim ɗin da waƙarsa ta zagaye ƙasar Hausa, ta ƙetaro iyakar Ilela ta Najeriya ta shigo mana nan Ƙonni, daga nan ta wuce Malbaza da Tawa. Kiɗan waɗannan finafinai da fiyano ake yin sa, yawanci samfurin Yamaha, wadda ke fitar da sauti mai kama da na kayan kiɗanmu. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya ɗauke aikin makaɗa biyar. Mai shirya fim ya samu sauƙi, mu masu saye muka samu nishaɗi, ba wanda ya tsaya ya tambayi ina aka bar mai kalangu.

Muna so mu ba ku labarin wani makaɗi na wata ƙasa, domin ku ga cewa abin ba dole ne ya tafi haka ba. Sunansa Stewart Copeland, an haife shi a Amurka a 1952, ya yi ƙuruciyarsa a Bairut ta ƙasar Labanan. A 1977 a birnin Landan ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna The Police tare da mawaƙin nan Sting. Shi ne mai ganguna, yana zaune can baya, mawaƙi na gaba yana shan tafi. Ƙungiyar ta yi suna a duniya, ta sayar da faifai masu yawa, amma kamar kowace haɗaka ta kasuwanci, ranar rabuwa ta zo. A tsakiyar shekarun 1980 kowa ya kama gabansa.

Mawaƙi in ya rabu da ƙungiya yana tafiya da muryarsa. Mai ganga fa, wa zai saurare shi shi kaɗai? Abin da ya fitar da Copeland shi ne wani mai shirya fim, Francis Ford Coppola, ya kira shi ya yi masa kiɗan fim ɗin Rumble Fish da ya fito a 1983. Labarin wasu samari ne ƴan'uwan juna da lokaci ke ƙure musu. Copeland ya haɗa gangunansa da ƙarar agogo da ta keken rubutu da hayaniyar titi, ta yadda mai kallo zai ji a jikinsa cewa lokaci na gudu ko da ba wanda ya faɗa. Aikin ya sa aka saka sunansa cikin masu takarar lambar yabo ta Golden Globe. A 1987 ya yi kiɗan Wall Street, fim ɗin da ya yi magana kan haɗamar dillalan hannun jari na Amurka. Daga nan ya shafe shekaru yana wannan aiki a finafinai da wasannin talabijin, har a 2022 ya samu lambar Grammy a wani faifai da suka yi da Ricky Kej na ƙasar Indiya.

Akwai abu ɗaya cikin labarinsa da ya kamata ya taɓa mu. A 1985 ya fitar da wani aiki mai suna The Rhythmatist, bayan ya zagaya wasu ƙasashen Afirka yana sauraron makaɗa yana ɗaukar sautinsu. Mutumin da duniya ta yarda ya iya ganga, shi ne ya ɗauki jaka ya taho nahiyarmu neman ƙari. Mu kuwa da rijiyar ke ƙofar gidanmu, mun bar ta tana cikewa da ƙasa.

Kada wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce. Kiɗan fim iri biyu ne. Akwai waƙar da saurayi da budurwa ke rerawa suna rawa, wadda muka saba da ita. Akwai kuma kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin labari, wanda ke gaya wa mai kallo cewa hatsari na zuwa, ko baƙin ciki ya sauka, ko an yi nasara. Wannan na biyun shi ne aikin da makaɗan Hausa suka daɗe suna yi tun ba a san silima ba. Kowace sana'a da takenta. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, sarakuna na da tambari da kotso, mata na da ƙwarya da shantu. Mutum na cikin ɗaki, in ya ji take daga nesa, ya san ko sarki ne ya fito, ko gayya ake, ko amarya ake kaiwa.

Ku dubi filin kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a garin Tawa, ba a taɓa yin ta ba makaɗa. Makaɗin kokowa idonsa na kan ƴan wasa. In suna zagayen juna ya sassauta, in aka kama ƙafa ya ƙara wuta, in aka yi kaye ya sauya take nan take. Ba wanda ya rubuta masa, shi ke karanta abin da ke faruwa ya mayar da shi sauti. Abin da ake biyan Copeland ya yi a gaban majigi ke nan, makaɗinmu na yin sa a gaban dubban jama'a cikin ƙura da rana.

To me ya sa ba mu ganin sunayensu a ƙarshen fim? Ku tuna da Sarraounia, fim ɗin da Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani. Labarinmu ne, na sarauniyar Lugu da ayarin sojan Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma cikin waɗanda suka yi kiɗansa akwai Pierre Akendengué na ƙasar Gabon. Sun yi aiki mai kyau, ba mu raina musu ba. Sai dai abin takaici ne a ba da labarin ƙonewar garinmu, a rasa gangar garin a ciki.

Kuma ba rashin masu basira ba ne a jahar nan. Marigayi Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silima a Nijar, a Tawa ya zauna shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2015. Mdou Moctar, mai jita daga arewacin jaharmu, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin na'urorin da ake kiɗan finafinan Hausa da su. A 2015 ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas, daga baya ya zagaya Turai da Amurka yana wasa. Shi ya yarda ya shiga sitidiyo da abin da ya iya, sitidiyo kuma ta buɗe masa ƙofa. Abin da ya yiwu ga mai jita, ba mu ga abin da zai hana shi yiwuwa ga mai kalangu ba.

Mun san abin da wasunku za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za ku ce rayuwa ta yi tsada, iyaka ta sha rufewa, a 2019 daga wajen Najeriya, sannan a 2023 zuwa 2024, ciniki ya ja baya. Za ku ce mai lasifika kuɗinsa sananne ne, shi kuwa makaɗi in ya shigo gida ba a san inda abin zai tsaya ba: ya wasa wannan, ya yi wa waccan habaici, sai an yi liƙi har kuɗin cefane ya tafi. Mata da yawa sun daina kiran makaɗa ne don gudun kunya a gaban kishiya da dangin miji. Wannan koke ne na gaskiya, kuma makaɗa su ji shi da kunnen basira.

Amma maganin wannan ai mu ƴan kasuwa muka fi kowa saninsa. Ciniki ake yi. Kamar yadda ake yin jinga da magini ko mai ɗinki, haka za a yi da makaɗi: daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, jaka kaza, ba roƙo ba habaici. Wanda ya ga dama ya ƙara don jin daɗinsa, wannan kyauta ce. Copeland bai rayu da liƙi ba. Takarda ake rubutawa, a faɗi kuɗin aiki, a saka sunansa a fim, kuma dokar haƙƙin mallaka ta ba shi rabonsa in aka ci gaba da amfani da kiɗan. Bambancinsa da makaɗinmu ke nan, ba wai ya fi shi hannu ba.

Don haka muna kira ga iyayenmu mata masu adashi da ƙungiyoyin kasuwa: in za a yi biki ko suna, a ware wani abu daga kuɗin lasifika a kira makaɗan gari ko da na awa biyu ne, a yi ciniki tun kafin ranar. Muna kira ga manyan ƴan kasuwar Ƙonni da Malbaza da Ilela masu ba da talla a gidajen rediyo, da masu saka kuɗi a shirya fim ko waƙa: ku sa sharaɗi a ɗauki makaɗi na gaske a sitidiyo, a biya shi, a faɗi sunansa. Tallar albasa ko ta atamfa da aka yi da kalangu ta fi shiga kunnen mai saye bisa ga wadda aka yi da sautin gwangwani. Sarkin kasuwa da sarkin fawa da sarkin makaɗa su zauna su tsayar da farashin da ba zai cuci kowa ba.

Su kuma makaɗa, muna gaya musu gaskiya ko da ba daɗi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Copeland da ya shiga aikin fim sai da ya koma ɗalibi, ya koyi yadda ake auna kiɗa da hoto daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya koyi yin shiru inda labari ke son shiru. Ku tura ƴaƴanku su zauna da yaran nan masu fiyano da kwamfuta, ku koya musu take, su koya muku na'ura. Ku yi rajistar ayyukanku a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, domin abin da ba a rubuta ba kowa na iya cewa nasa ne.

Ga magadan gari da shugabannin gundumomin nan uku, ba mu roƙi gini ba, ba mu roƙi mota ba. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, inda aka adana kayan kiɗan gargajiya. An kuma ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu don tunawa da shahararren mawaƙin Adar. A nemi hanyar da yaranmu za su kai ga irin waɗannan wurare. Sannan a haɗa kai da gidajen rediyon gari a ɗauki taken tsofaffin makaɗa, ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowane take da ma'anarsa, tun suna raye. Na'urar ɗaukar sauti yau tana cikin aljihun kowa.

Duk tsohon makaɗin da ya rasu ba a ɗauki kiɗansa ba, ya tafi da taken da ba za a sake ji ba, kuma ba fiyanon da za ta dawo da shi. Kuɗin da ke juya harkar kiɗa a yankin nan daga hannunmu yake fita, a biki, a talla, a rumfar tura waƙa. Saboda haka mu ke da ta cewa kan wanda zai ci abinci da shi. Laraba mai zuwa, in kun gamu da mai kalangu a kasuwa, ku tambaye shi nawa yake yin biki.