Wa ake gina wa waɗannan shagunan?

Jama'ar Dala, yau ba zancen wane ya sauya sheƙa, wane ya ƙi gaisawa da wane zan yi ba. Maganar tebur zan yi, teburin katakon nan na kasuwa da ya ciyar da rabin gidajen unguwanninmu, wanda yanzu ake kora daga lungu zuwa lungu kamar kayan sata.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata. Shekara 28 ya yi yana kasa atamfa da shadda a kan tebur ɗaya a Kantin Kwari. Da teburin nan ya aurar da 'ya'yansa mata, da shi ya sauke farali. Wata rana mai gidan da suke ciki ya tara su ya ce za a rushe a yi bene, amma kowa ya kwantar da hankalinsa, kowa zai dawo wurinsa. Aka yi bene, wallahi ya yi kyau, har da tayil. Da suka je karɓar wuri sai aka ce hayar shekara 2 za a biya a dunƙule, ban da la'adar dillali. Kuɗin ya fi duk jarin da ke kan teburinsa. Yau Kawu ɗan kayi-nayi ne. Yana zama a bakin shagon yaron da shi ya koya wa auna yadi, yana jiran baƙo daga Maraɗi ko Garwa ya ja shi ciki a ba shi na cefane.

Wannan shi ake kira zamanantar da kasuwa a Kano. Ba a cewa an kore ka. Sai dai a gina abin da ba za ka iya biya ba, ka tafi da ƙafarka.

Za a ce ai gobara da ambaliya ne suka sa dole a gyara. Ban musa ba. Duk mun ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, shaguna sama da 3,000 suka zama toka. Amma a tambaya mana, ruwan da ya cika Kwari a watan Agusta na 2022, ya jiƙa diloli na kaya, tebur ne ya tare masa hanya? Shaguna ne da aka dasa a kan magudanar ruwa da kan hanyoyin wucewa, a zamanin gwamnatin Ganduje da aka mayar da duk wani fili abin yankawa: bakin badala, harabar Filin Idi, gefen makarantu. Mai tebur bai sa hannu a takarda ko ɗaya ba. Amma idan aka zo gyara, kayansa ake fara watsarwa, don shi ne ba shi da lauya.

To nan ne zan taɓa namu, kuma na san wasu za su ce na ci amana. Lokacin da aka fara rusau a watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, ni ma na yi tafi. Na ce Alhamdulillahi, an dawo wa jama'a da filinsu. Daga baya na zauna na yi lissafi. Waɗanda suka yanka filin suka sayar, sun daɗe da cin kuɗinsu. Wanda katafila ta samu a Filin Idi, da yawansu 'yan haya ne da ƙananan 'yan kasuwa da suka sayar da gona ko suka ci bashi suka kama shago. Kotun tarayya ta ce a biya diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Daga aljihun wa? Baitulmalin jiha, wato kuɗin ni da kai da Kawu. An yanka, talaka ya yi asara. An rushe, talaka ya yi asara. An biya diyya, talaka ya biya. Kuma har yau ban ji wata doka da ta ce idan an sake gina kasuwa ga rabon mai tebur ba.

Mutanen Legas sun riga mu shan wannan. Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a 2007, aka sake gina ta katafariya, aka buɗe a 2014. Masu gwanjon da suka yi mata suna ba su iya kama shago ba, suka koma bakin titi da gefen layin dogo, jami'ai na bin su da sanda. Mu ma nan gida mun ga Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo, da aka buɗe a 2014 ana ta ɗaukar hoto. A farkon 2024 Shoprite ta tattara ta bar Kano. Kurmi kuwa, da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa sama da shekara 500 da suka wuce, da safen nan ma an buɗe ta.

Kurmi ce ta sa ni wannan rubutun. Duk kakar zaɓe sai ka ji ɗan takara ya tsaya ya ce zai mayar da ita ta zamani, mutane su yi kabbara. Ni idan na ji haka gabana faɗuwa yake. E, Kurmi na buƙatar gyara: lungunan sun matse, motar kashe gobara ba ta da hanyar shiga, Jakara kuma kowa ya san halinta da damina. Amma ku shiga ku duba su wa ke ciki. Dukawa masu jaka da takalmi da kube, 'yan koli, masu kayan doki, masu ƙwarya da tabarma, masu kayan yaji da turare. Baduku da ke ɗinka takalmi 3 a yini, a rumfar da kakansa ya zauna, da me zai biya hayar shago mai tayil? Ranar da aka yi wa Kurmi irin ta Kwari, sana'ar ce za ta mutu, ba wurin zama kawai ba, domin yaro a bakin rumfa yake koyo. Abin da zai maye gurbinsu mun san shi, diloli ne daga Sin. Marina sun riga sun yi kuka tun 2015, da suka yi tattaki zuwa fadar Sarki a kan kayan da ake shigowa da su suna kashe musu kasuwa.

Kuma abin ba ya tsayawa a kasuwa. Duk inda bene ya tashi, gidajen da ke kewaye sai su koma sito. Magada su sayar da gidan gado, a raba kuɗi, kowa ya nufi Kurna ko Rijiyar Lemo ko bayan Dawanau, ya dawo yana biyan kuɗin adaidaita sahu kullum don ya zo inda aka binne cibiyarsa. Ku ƙirga gidaje nawa ne a layinku da a da ake jin kukan yara, yanzu kwado ne a ƙofa.

Mu da muke tutiya da gidan Mambayya a Gwammaja, muna kiran sunan Malam Aminu Kano a kowane taro, ya kamata mu ji kunya. Abubakar Rimi da ya hau a 1979 bai tsaya dogon turanci ba, ya soke haraji da jangali. Mu abin da muke nema bai kai wannan nauyi ba. Kafin a taɓa bulo ɗaya a Kurmi ko Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Wambai, a rubuta sunan duk mai rumfa da mai tebur, a liƙa a bango kowa ya gani, ba a ofishin shugabannin kasuwa a ɓoye ba. Benen ƙasa na waɗanda ke wurin ne tun asali, da hayar da aka ƙayyade a rubuce, ana biya wata-wata. Kuma a yi aikin layi-layi, kar a kwashe mutane gaba ɗaya a ce su jira.

Ranka ya daɗe shugaban ɓangarenmu na Dala, da ku iyayenmu dattawan mazaɓu, zan kawo wannan a rubuce a zamanmu na gaba. Duk mai neman kansila ko majalisa da yake son mu bi shi gida-gida, sai ya sa hannu a kai tukuna. Kawu ma ya ce zai zo, in an tashi kasuwa da wuri.