Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A 'yan shekarun nan matasa masu ilmin zamani sun duƙufa wajen kafa ƙananan kamfanoni waɗanda kasuwarsu duka a intanet take, tun daga masu sayar da atamfa da turare har zuwa masu ba da rance ta wayar hannu. Wannan abin yabo ne, kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙarfafa musu gwiwa da dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022. Sai dai akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a tsakaninsu. Mai kamfani zai zuba kuɗi a kan tambari da launin shafi, amma in an zo ga rubuce-rubucen nan na can ƙasan shafi, watau bayanin tsare sirrin jama'a da sharuɗɗan ciniki, sai ya kwafo na wani kamfanin Amurka ya canja suna kurum. Ba abin mamaki ba ne a tarar da shagon da ke Kano yana cewa in rigima ta taso, kotun Kaliforniya ce za ta raba gardama.

Waɗannan shafuka kuwa alkawari ne rubutacce, kuma da su za a kama mutum ranar da aka kai ƙara. Wanda ya ari na wani ya sa hannu ke nan a kan abin da bai karanta ba.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne bayanin tsare sirri. Dokar kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa duk mai karɓar sunan mutum ko lambar wayarsa ko adireshinsa ya sanar da shi ko wane ne mai karɓar, da dalilin karɓar, da waɗanda za a miƙa wa bayanan, da tsawon lokacin da za a ajiye su. Mutum yana da ikon neman a nuna masa abin da aka ajiye game da shi, a gyara, ko a share. In ɓarayi suka fasa rumbun bayanan ta yadda jama'a za su cutu, awa 72 doka ta bayar a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa. Ƙaramin kamfanin da ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Kada a ɗauka barazana ce kawai. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin rance na Soko tarar Naira miliyan 10, bayan an same shi yana aika wa mutanen da ke cikin wayar mai bashi saƙonnin tozarta shi. A 2024 kuma aka ɗora wa bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin. Cikin abubuwan da aka tuhume shi da su har da amfani da kukis, watau 'yan alamomin da shafi ke dasawa a na'urar mai ziyara don bin sawunsa, ba tare da cikakken izini ba. Saboda haka wannan ma yana bukatar nasa bayanin.

Sai sharuɗɗan ciniki da na mayar da kaya. Nan ne al'adar kasuwa ta ci karo da doka. Rubuta cewa ba a mayar da kaya bayan an saya ba ya soke haƙƙin da dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mutum na mayar da kaya mai aibi. Gara mai kamfani ya faɗi kwana nawa ya bayar, da wanda zai biya kuɗin mota. Haka nan ya kamata a ga cikakken sunan kamfani, da lambar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, da adireshin da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa.

Dokar nan ta 2018 ta kuma bukaci a yi wa mai saye bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. To, wace fahimta ce matar da ke sayen lalle daga Gusau za ta yi wa shafi goma na Turancin lauyoyi? Lalle ne kamfanin da ke talla da Hausa ya rubuta sharuɗɗansa da Hausa, ya kuma kai wa lauya ya duba kafin a buɗe shago. Ɗaliban shari'a na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna iya soma wannan aiki tun suna makaranta, a ƙarƙashin kulawar malamansu.