Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

Duk wanda ya taɓa kwanan asibiti, ko a Ikara ne, ko Maƙarfi, ko Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, ya san cewa idan dare ya tsala, majiyyaci ba ya ganin kowa sai nas. Saboda haka nake ganin duk gyaran da aka yi wa asibiti, muddin bai faranta ran wannan baiwar Allah ba, to da sauran aiki.

Ba na musun an yi ƙoƙari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i kuma, Jihar Kaduna ta ɗauki aniyar gyara asibiti guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255. To amma gini ba ya yin allura, fenti kuwa ba ya karɓar haihuwa.

Na taɓa jinyar wani kawuna a wani asibiti na karkara. Nas guda ce ke kula da ɗaki cike da marasa lafiya, tana neman jijiya da hasken wayarta domin babu lantarki. Da gari ya waye, ita aka zaga saboda jinkiri.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A watan Mayun 2021, lokacin yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a Kaduna, gwamnati ta ba da sanarwar korar nas-nas da ke ƙasa da mataki na 14. A 2024 Hukumar Nas-nas da Unguwarzoma ta Nijeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 15,000 sun bar ƙasar nan a shekarar 2023 kaɗai. Sa'an nan a ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Wanda ya gamsu da aikinsa ba ya ɗaure kaya ya nufi Ingila ko Saudiyya.

Wani zai ce ai jinya aikin lada ne. Gaskiya ne, amma mai neman lada ma yana da ciki da iyali. Shawarata ita ce a ƙara ɗaukar ma'aikata, musamman 'ya'yanmu da suka koyi aikin lafiya a Maƙarfi, a biya alawus na aikin dare da na zaman karkara a kan kari, a ba su muhalli kusa da asibiti, a kuma ji ta bakinsu kafin a tsara kowane gyara. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa shugabanninmu su ji.